Abin da Babanku Ya Ci a Beljiyam

Bashir da Safiya, wannan babin naku ne ku biyu, kuma na fi so ku karanta shi ina raye. Bashir, ka san ban saba kama sunanka ba tunda kai ne ɗan fari, amma a takarda dole in rubuta shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da na ji ranar Sallar da ta wuce a gidanka na Ardwick. Babbar 'yarka tana nuna wa ƙawarta hoton Babanku, sai na ji tana cewa da Turancinsu na Manchester wai kakanta ya yi ƙuruciya a Turai, har da giya a abincinsa, amma daga baya ya tuba. Ba ƙirƙira ta yi ba, a gida ta ji. Ni kuma da na san gaskiya na yi shiru shekara da shekaru. Yau zan faɗa, har da abin da ya kai ni Manchester ranar da ya yi maganarsa ta ƙarshe, wanda na san har gobe yana ranku duk da ba wanda ya taɓa tunkarata da shi.

Kafin ya aure ni, masaƙar da yake wa aiki a Kaduna ta tura shi Beljiyam koyon injinan saƙa. Shekara uku ya yi a garin Ghent, a wani ɗaki a saman gidan wata tsohuwa da mijinta ya mutu. Bai cika ba da labarin wurin ba. In ya ba da, sanyi ne da ruwan sama da yadda tsohuwar take buga masa ƙofa in ya makara. Da masaƙu suka mutu a gida, ya samu aiki a Manchester, muka sauka a wani ƙaramin flat a unguwar Hulme, inda kuka yi wayo. Shekara arba'in da ɗoriya ina dafa wa mutumin nan abinci. Tuwon shinkafa da miyar kuka, shi ke nan ka gama da shi. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa yana marmarin wani abu na Turawa ba.

Da ciwon ajalinsa ya bayyana a cikinsa, likitoci suka yi abin da za su iya, sannan suka ce a koma gida a kula da shi. Safiya, ke kika ce mu taho Birmingham, tunda gidanki na Aston yana da ɗaki a ƙasa, kuma ke likita ce, kin san wanda za ki kira. Muka rufe gidanmu muka taho da akwati biyu. A ɗakin nan na ga mutum yana ƙarewa a gabana. Na yi masa kunun gyaɗa, ya kurɓa sau biyu ya ture. Na dama fura, ya ce ƙamshinta yana tayar masa da zuciya. Farfesu, fate, gwate, duk abin da hannuna ya iya na gwada. Agogon hannunsa sai da ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, muka cire masa shi. Wata safiya ina goge masa fuska da tawul mai ɗumi, sai ya riƙe hannuna.

"Binta, akwai abin da nake jin zan iya ci."

"Faɗi, Malam, ko mene ne."

"Ba ki san shi ba. Mussels. Irin na Beljiyam. A baƙar tukunya ake kawo shi, da tururinsa."

Ya yi min bayani a hankali, yana hutawa tsakanin magana. Abin teku ne mai baƙin ɓawo biyu, kamar waɗanda muke tsinta a bakin kogi muna yara, sai dai nasu da nama a ciki. In ya ji wuta sai ɓawon ya buɗe baki. Tsohuwar da yake haya a gidanta takan dafa duk Juma'a in lokacinsa ya yi, ta kira shi ƙasa su ci. Ya ce ba naman ne ya dame shi ba, romon da ke kwance a ƙasan tukunya yake so, a tsoma burodi. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun kafin asibiti. Na ce masa in sha Allahu kafin gobe zai ci.

Ni da ban taɓa shiga gidan abincin Turawa ni kaɗai ba, sai ga ni da hijabi da jaka ina bin titunan tsakiyar Birmingham. Safiya ta rubuta min wurare huɗu a takarda kafin ta tafi aiki. Na farko suka ce sun daina yi. Na biyu wani yaro mai ɗaure da ƙyalle a ƙugu ya ce akwai, na yi murna, sai na tambaye shi da me ake dafawa, don haka na saba. Ya ce da tafarnuwa da kirim da farar giyar inabi. Na ce a cire giyar. Ya shiga ciki ya dawo ya ce mai dafawa ya ce romon a haɗe yake tun safe. Na uku ma haka. A na huɗu ne wata ma'aikaciya ta tausaya min, ta sa aka yi min ba giya, kirim da tafarnuwa kawai. Tana ɗaure min robar abincin ta ce in dai na ainihin Beljiyam nake nema, akwai wani ƙaramin wuri a Manchester da ɗan ƙasar ne yake dafawa, ta taɓa aiki a can. Ta rubuta min kwatance a bayan takardata. Na cusa a jaka ban ko duba ba, don a ganina na riga na samu.

Na tayar da shi zaune, na jera masa filo, na ɗebi romon a cokali. Ya kai baki, ya ɗan juya shi a harshe, ya haɗiye da ƙyar.

"Sannu da wahala, Binta. Amma ba shi ba ne."

"Me ya bambanta?"

"Wancan ba fari ba ne. Garau yake kamar ruwa. Akwai wani ƙamshi da babu a wannan."

Ranar Asabar ce, Bashir, ka zo daga Manchester duba shi, kana zaune a kujerar gefen gado. Lokacin ka fara riƙon addini da zafi, abin da Babanku yake alfahari da shi ko da bai faɗa maka ba. Ka ciro waya ka yi ta dannawa, sannan ka ɗago.

"Baba, na duba recipe na yadda ake dafa shi ya fi goma. Abin da ka ce babu a ciki, wine ne. Da giya suke dafa shi."

"Ban taɓa kai giya bakina ba."

"Wataƙila ba ka sani ba. Ko kuma lokacin ba ka damu ka tambaya ba. It's fine, Baba, Allah Mai gafara ne. Amma ba yanzu ne lokacin da za ka riƙa marmarin irin wannan ba."

"A gabana take dafawa. Ni nake yanka mata albasa."

"Baba, shekara nawa yanzu? Ga kuma magungunan da kake sha."

Safiya ta ce maka ka bari, ta ce ai ko da akwai, wuta tana ƙone ta. Wannan ya fi ɓata masa rai, don ya nuna ita ma ta yarda akwai. Kuka fita falo kuna musu da Turanci, ƙasa-ƙasa, kuna zaton ba ya ji. Abin da ya faru bayan fitarku ba wanda ya sani sai ni da shi, kuma shi ne abin da ya fi min nauyin rubutawa. Na zauna a bakin gado, zuciyata cike da tsoro. Gidaje biyu sun ce min da giya ake yi, ga ɗana ya karanta a waya. Na tuna shekaru ukun nan da bai cika son ba da labarinsu ba, sai Shaiɗan ya cika min gurbin da abin da ya ga dama. Na ce a raina mutumin nan yana gab da haɗuwa da Ubangijinsa, in ban faɗa masa ba wa zai faɗa masa.

"Malam, in ma an yi a ƙuruciya, ya wuce. Ka nemi gafara kawai, ka cire abin nan daga ranka."

Ya daɗe yana kallona. Ba fushi a fuskarsa, da fushi ne da ya fi min sauƙi.

"Har ke, Binta?"

Ya juya ya fuskanci bango. Daga ranar bai sake ambaton abincin ba, bai kuma sake neman wani ba. In na gaishe shi zai amsa. In na ba shi ruwa zai karɓa ya ce an gode, kamar yadda yake ce wa nas ɗin da take zuwa da safe. Mutumin da ko a gadon asibiti yake tsokanata a kan yawan gishirina, ya koma yi min godiya irin ta baƙo. Kwana tara muka yi a haka. Ina zaune kusa da shi ina jan carbi, amma hankalina yana kan abu ɗaya: a duk zamanmu ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta wasa. Mutumin da ya taɓa komawa kanti a cikin ruwan sama don an manta ba a lissafa masa kwalin madara ba. Me ya sa na gaskata yaron gidan abinci da waya, na ƙaryata shi? A rana ta tara ina neman katin bas a jaka, hannuna ya faɗa kan takardar nan mai kwatance.

Washegari da sassafe na shirya. Safiya, kin tare ni a bakin ƙofa, kin ɗauki hutu ranar saboda abin da kika gani.

"Umma, ina za ki?"

"Manchester. Zan dawo kafin la'asar."

"Numfashinsa ya canza tun jiya. Na san wannan numfashin, Umma. Please, kar ki je ko'ina yau."

"Akwai abin da zan karɓo masa."

"Ba zai iya cin komai ba yanzu. Ko ruwa da soso nake ba shi."

Na san gaskiya kika faɗa. Ban ce miki ba abinci zan nemo ba, amsa zan nemo, don a lokacin ni kaina ban iya faɗin haka ba. Na leƙa ɗakin, idonsa biyu. Na ce masa zan fita in dawo. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Ita ce maganar ƙarshe da ya yi min, kuma da muryar nan ta baƙo ya yi ta.

Wurin yana wani lungu, ba nisa sosai da jami'a, na sha wucewa ta bakin titin a bas ban taɓa lura ba. Da na tura ƙofa sai na ga bango guda kwalabe ne tun daga ƙasa har sama. Na ce shi ke nan, Bashir ya yi gaskiya. Ba su buɗe ba tukuna, ana goge tebura. Na ce mai dafa abinci nake son gani. Wani dattijo ya fito, gajere mai jan fuska, yana goge hannu. Na haɗa Turancina na yi masa bayani: mijina ba shi da lafiya, ya zauna a Ghent yana saurayi, yana son abin da wata tsohuwa take dafa masa, romon garau, ba kirim. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni, ko da giya ake yin sa.

"Wanne daga ciki?" ya ce. "Akwai mai giya, shi mutanen nan suka sani, shi ya sa ko'ina shi ake sayarwa. Amma wanda kike faɗa, na gida ne. Albasa, ganyen seleri, man shanu, barkono. Shi ke nan. Ruwan ma daga cikin ɓawon yake fitowa. Haka uwata take yi, ba ta ɗiga komai a ciki."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai ya ja ni har cikin kicin, ya ɗora baƙar tukunya a wuta, ya yanka albasa da seleri a gabana, ya zuba, ya rufe. Ba a jima ba ya ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskata. Romon garau, kamar yadda Babanku ya faɗa. Ƙamshin da ya ce babu a wancan, na seleri ne, ganyen da nake wucewa kullum a kanti ban taɓa saya ba. A tsakiyar kicin ɗin mutane, gaban ma'aikata, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da likita ya gaya mana sunan ciwon. Dattijon ya jawo min kujera. Da na natsu ya ce dafaffe ba zai kai Birmingham da kyau ba, balle ga marar lafiya. Ya ɗaure min ɗanye a cikin ƙanƙara, da seleri da guntun man shanu, ya nuna min yadda zan wanke, in zubar da duk wanda ya fashe, da duk wanda ya ƙi buɗe baki bayan an dafa. Ya raka ni har bakin ƙofa ya ce in gaishe da mutumin Ghent.

Jirgin da na shiga ya tsaya a tsakiyar gonaki fiye da awa guda, wai an samu matsala a hanya. Ina zaune da jakar ƙanƙara a cinya, ruwa yana ɗiga a zanena, waya tana ta ruri. Safiya ce. A kira na farko ta ce ya tambaye ni. Na biyu ta ce ya sake tambaya, ta kira Bashir ya taho da mota. Na ce ta kara masa wayar a kunne, amma wurin ba sabis sosai, maganar tana yankewa, ina ta cewa "Malam, ka yi gaskiya," ita kuma tana cewa "Umma, ba ma jin ki." Na uku ban iya ɗauka ba.

Na iso bayan la'asar. Yana numfashi, amma ya daina magana tun azahar. Bashir, kai ka buɗe min ƙofa. Ka kalli jakar da ke hannuna, ka kalli fuskata, ka matsa gefe. Safiya ta gaya min daga baya cewa sau biyu ya ce "Ina Ummanku?", sannan ya sa hannu a kanka ya yi maka addu'a, ya yi mata, shi ke nan. Ni kuwa na wuce kicin. Na san yadda abin ya kasance a idonku: ubanku yana gargara, uwarku tana yanka albasa. Na dafa yadda aka nuna min, na ɗauko tukunyar da zafinta na kai ɗakin, na buɗe kusa da fuskarsa don tururin ya same shi. Na ce ku ba mu wuri, kuka fita. Na tsoma soson nan a romon na shafa masa a leɓe. Sannan na sa bakina a kunnensa na gaya masa duka: na je, na gani da idona, albasa ce da seleri, ba komai a ciki, kai ne mai gaskiya, ni ce na zalunce ka, ka yafe min. Na faɗa ya fi sau goma. Bai buɗe ido ba. Hannunsa yana cikin nawa, ban ji ya matsa ba. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa.

Za ku ce me ya hana ni faɗa muku tun a lokacin. Na yi niyya, ranar uku. Sai na fito na tarar da kai, Bashir, a filin da ke bayan gidan kana kuka kai kaɗai, kana cewa Allah Ya sa nasihar da ka yi masa ta zama sanadin tsirarsa. Da wannan kake rarrashin kanka. Na ga in na gaya maka cewa ƙazafi muka yi wa mutum a gadon mutuwarsa, ban san yadda za ka tashi ba. Sai na zaɓi ku ci gaba da ganin laifina, uwar da ta bar miji a ranarsa ta ƙarshe ta tafi yawon gidan abinci. Na ɗauka ni kaɗai zan ɗanɗana kuɗar shirun. Ban yi tunanin cewa da sunansa nake rufa maka asiri ba, shi da ba ya nan balle ya kare kansa. Wannan kuskurena ne na biyu, kuma ya fi na farko daɗewa.

Ba don ka ƙuntata wa kanka na rubuta ba. Kai yaro ne a lokacin, tsoron Allah ne ya sa ka magana, kuma ya sa maka albarka da hannunsa kafin ya tafi, wannan ba wanda zai ƙwace maka. Abin da nake so kawai, ka tara 'ya'yanka ka gyara maganar da bakinka, yadda ta fita ta bakinka. Ka gaya musu kakansu ya zauna shekara uku shi kaɗai a ƙasar da ba mai ganinsa, ya dawo da tsarkinsa.

Ke kuma Safiya, akwai tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita. Ranar nan da na fito daga ɗakin da tukunyar a hannu, kin riƙe ni a bakin ƙofa, kin ce, "Ya ji ki, Umma. Ji shi ne abin da yake barin mutum a ƙarshe." Da wannan maganar na rayu duk shekarun nan. Ban taɓa tambayarki ko likita ce ta faɗa min ba, ko kuwa 'yata ce ta ga uwarta za ta faɗi ta tare ta. Na ji tsoron amsar. Yanzu na tsufa, tafiyar ma ta matso. In kin zo ranar Lahadi, ki zauna kusa da ni ki gaya min gaskiya. Zan iya ɗauka.